Mura ce ko alaji? Yadda ake bambance borin jiki da cututtukan numfashi

Daga ƙarshen watan Nuwamba zuwa tsakiyar Maris, iskar hunturu kan taso daga arewa maso gabas ɗauke da ƙurar Sahara. Kaso mai yawa na wannan ƙura daga kwarin Bodele yake fitowa, wato busasshen gurbin wani tsohon tafki a arewacin Chadi, wanda masana ke lissafawa a matsayin wurin da ya fi ko'ina tayar da ƙura a duniya. Idan ta lulluɓe Maiduguri da Kano da Sakkwato, Hukumar Hasashen Yanayi ta Ƙasa, NiMet, kan fitar da gargaɗin hazo, jirage su jinkirta tashi, atishawa da tari kuma su zama ruwan dare a masallatai da azuzuwa da motocin haya.

Duk wanda aka tambaya abin da ke damunsa a wannan lokaci, amsarsa ɗaya ce: mura. Amma kalmar tana rufe aƙalla abubuwa uku da sanadinsu ya bambanta. Akwai alaji, akwai cutar da ƙwayoyin cuta ke haddasawa a hanyoyin numfashi, akwai kuma kartar da ƙura da hayaƙi ke yi wa hanci da maƙogwaro. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane, kuma a nan kuskuren yana da tsada ta fuska biyu. Mai alaji kan kashe kuɗinsa a kemis yana shan maganin kashe ƙwayoyin cuta da ba zai amfane shi da komai ba. A ɗaya gefen, yaron da nimoniya ta kama kan kwana biyu ko uku a gida ana cewa ƙura ce, alhali kowace sa'a tana da muhimmanci.

Abin da ke faruwa a cikin jiki

Alaji, wanda Hausawa suka fi sani da borin jini idan ya fito a fata, kuskure ne na garkuwar jiki. Jiki kan ɗauki abin da ba shi da illa a matsayin maƙiyi, ya ƙera masa wani makami da likitoci ke kira IgE. Duk ranar da aka sake shaƙar wannan abu, sai wasu ƙwayoyin halitta da ke cikin hanci da idanu da huhu su saki sinadarin histamin. Shi ne ke kawo ƙaiƙayi da atishawa da kumburin cikin hanci da zubar ruwa, sau da yawa cikin 'yan mintoci.

Wani likitan yara ɗan ƙasar Austriya, Clemens von Pirquet, shi ya ƙirƙiro sunan wannan yanayi a 1906. Kafin nan, a 1873, Charles Blackley, likita a birnin Manchester na Ingila, ya wallafa gwaje-gwajen da ya yi a jikinsa da ke nuna cewa garin furannin ciyawa ne ke jawo atishawar da ke damun wasu mutane a lokacin rani na ƙasarsu. A ƙasar Hausa, abubuwan da kan tayar da alaji sun haɗa da bununin gero da dawa da garin furannin ciyayi, da wasu mitsi-mitsin ƙwari da ido ba ya gani waɗanda ke zaune cikin katifa da matashi da darduma, da kashin kyankyaso, da fumfuna a ɗaki mai laima, da gashin kyanwa ko na kaji. Alaji kan bi jini. Gidan da ake da mai asma ko mai ƙyasbin fata mai ƙaiƙayi, ba abin mamaki ba ne a sami mai alajin hanci. Amma ba a ɗaukarsa daga wani.

Cutar numfashi kuwa baƙo ne ya shiga jiki. Fiye da nau'in bairas 200 ne ke iya haddasa mura ta yau da kullum, kuma takan bayyana kwana ɗaya zuwa uku bayan an shaƙi ƙwayar ko an taɓa hanci da hannun da ya ɗauko ta. Babba kan yi mura sau biyu ko uku a shekara, yara sun fi haka. Wasu cututtukan, kamar tarin fuka da mashaƙo da kaso mai yawa na nimoniya mai tsanani, bakteriya ce ke kawo su. Bambancin bairas da bakteriya shi ne ginshiƙin magani, domin antibayotik bakteriya kaɗai yake kashewa.

Na ukun shi ne wanda aka fi mantawa da shi. Ƙurar hunturu da busasshiyar iska, da hayaƙin itacen girki da na janareta, da turaren wuta, da maganin sauro na kunnawa, duk suna iya sa atishawa da toshewar hanci da busasshen tari ga mutumin da ba shi da alaji ko kaɗan. Wannan karta ce kawai, kuma takan lafa idan aka bar wurin. Haɗarinta shi ne tana busar da cikin hanci, ta raunana kariyarsa, ta kuma tayar wa mai asma da ciwonsa.

Alamomin da ke raba su

Babu alama ɗaya da ta isa yanke hukunci, amma idan aka haɗa waɗannan, hoton kan fito.

Zazzaɓi. Alajin hanci ba ya kawo zazzaɓi. Idan ma'aunin zafin jiki ya nuna digiri 38 ko sama da haka, to akwai ƙwayar cuta a jiki. Rashin zazzaɓi dai bai wanke mutum daga mura ba, domin manya da yawa kan yi mura ba tare da jikinsu ya yi zafi ba.

Ƙaiƙayi. Wannan ita ce alamar da ta fi nuna alaji. Hanci da idanu da ganɗa da cikin kunne su riƙa ƙaiƙayi, mutum ya yi ta murza ido, yaro ya yi ta goge hanci da tafin hannu. Mai mura kan ji maƙogwaro na zafi ko raɗaɗi, ba kasafai yake ƙaiƙayin ido ba.

Yanayin atishawa da majina. Mai alaji kan jero atishawa biyar ko goma a lokaci guda, musamman da asuba ko lokacin shara, majinarsa kuma tsararo ce kamar ruwa, haka za ta ci gaba har makonni. Majinar mura kan fara da ruwa-ruwa, bayan kwana biyu ko uku ta yi kauri, ta koma rawaya ko kore, sannan ta washe.

Ciwon jiki. Ciwon gaɓoɓi da sanyi da kasala mai kwantar da mutum na cuta ne, musamman mura mai tsanani da ake kira fulu, wadda kan faɗo wa mutum farat ɗaya. Mai alaji zai iya gajiya saboda toshewar hanci ta hana shi barci, amma gaɓoɓinsa ba sa ciwo.

Tsawon lokaci. Mura kan kai ƙololuwa a kwana na biyu ko na uku, ta tafi cikin kwana 7 zuwa 10, kodayake tarinta na iya jan ƙafa har mako uku. Alaji ba ya bin wannan tsari. Yana nan muddin abin da ke tayar da shi yana nan, kuma yakan dawo a lokaci ɗaya kowace shekara ko a wuri ɗaya kowane lokaci.

Wuri da sanadi. Wanda ke samun sauƙi idan ya yi tafiya, ciwon ya dawo daren da ya koma ɗakinsa, ya duba katifarsa da bangon ɗakin. Wanda atishawa ke kama shi a gona lokacin da gero ya fitar da kai, ko a wurin sussuka da casa, shi ma ya san inda zai fara bincike.

Mutanen gida. Idan yaro ya dawo da ita daga makaranta, bayan kwana biyu ƙanensa ya kama, sannan uwa, wannan cuta ce mai yaɗuwa. Alaji kan tsaya ga mai shi.

Inda alamomi ke yaudara

Imanin da ya fi yaɗuwa shi ne cewa koriyar majina na nufin sai an sha antibayotik. Launin yana fitowa ne daga ƙwayoyin garkuwar jiki da ke yaƙi, kuma ana ganinsa a murar bairas wadda za ta warke da kanta. Abin da ke sa likita ya yi zargin bakteriya ta shiga kogunan da ke kewaye da hanci shi ne ciwon ya haura kwana 10 babu sauƙi, ko a fara warkewa sannan ya dawo da ƙarfi, ko zazzaɓi mai zafi tare da ciwon fuska da majina mai kama da mugunya.

Jan ido ma yana da fuska biyu. Na alaji kan kama idanu biyu da ƙaiƙayi mai tsanani da hawaye, ba ya yaɗuwa, kuma a yara da yawa a ƙasashe masu zafi yakan daɗe har farin idon ya rine ya yi ruwan ƙasa. Afolo kuwa cuta ce mai saurin yaɗuwa, takan fara da ido ɗaya ta haura ɗayan, da kwantsa da jin kamar an zuba yashi.

Asma ita ce mahaɗar hanyoyin biyu. Alamominta su ne numfashi mai fito, da ƙirji ya ɗaure, da tarin dare ko na asuba, ko bayan gudu. Alaji na tayar da ita, mura ma na tayar da ita, ƙura da sanyi ma haka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 262 ke da asma a 2019, kuma ta kashe 455,000 a shekarar, galibinsu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi inda ba a gano ta da wuri. Yaron da ake ba maganin tari duk wata saboda tarin dare ya kamata a duba shi ko asma ce.

Kuma mai alaji ba ya tsira daga mura. Idan wanda ya saba da atishawarsa ya ji sabon abu ya shigo, kamar zazzaɓi ko ciwon ƙirji ko kaki mai yawa, kada ya jingina shi ga tsohon ciwonsa.

Cututtukan da ba a jira da su

Nimoniya, wadda ake kira sanyin haƙarƙari, ta kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar 740,180 a duniya a 2019, a lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya. Ƙiyasin Asusun Kula da Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF, ya nuna Najeriya ce ta fi kowace ƙasa asara a 2018, da yara 162,000. Ana iya gano alamarta a gida da agogon waya. A ɗaga rigar yaro lokacin da yake kwance cikin natsuwa, a ƙirga numfashinsa na minti ɗaya cif. Numfashi ya yi sauri idan ya kai 60 ga jariri ɗan ƙasa da wata biyu, ko 50 ga ɗan wata 2 zuwa 11, ko 40 ga ɗan shekara 1 zuwa 5. Idan kuma ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa ciki duk lokacin da ya ja numfashi, to asibiti za a nufa a ranar.

Tarin fuka, wato tibi, shi ne abin da ake fara zargi ga duk tarin da ya kai mako biyu, balle idan ya zo da rama da gumin dare da zazzaɓin yamma ko jini a kaki. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan masu kamuwa da shi. Gwajin kaki da maganin wata shida kyauta ne a cibiyoyin da shirin yaƙi da tarin fuka na ƙasa ya tanada, kuma shirin yana da lambar kira kyauta, 3340.

Mashaƙo kan fara kamar ciwon maƙogwaro da ɗan zazzaɓi, sannan wata yana mai ruwan toka ta shimfiɗu a maƙogwaro, wuya ya kumbura, haɗiya da numfashi su yi wuya. A watan Disambar 2022 aka sanar da Hukumar Daƙile Cututtuka Masu Yaɗuwa ta Ƙasa, NCDC, ɓullarta a Kano da Legas. Kano ce ta ɗauki kaso mafi girma na waɗanda aka tabbatar sun kamu, yawancinsu yara ne da ba su kammala allurar rigakafi ba. Allurar da ke kare ta tana cikin haɗin nan mai kariya biyar da ake yi wa jarirai a mako na 6 da na 10 da na 14, a ranakun da ake yi musu ta nimoniya.

Ƙyanda ma da siffar mura take sallama: zazzaɓi mai zafi da tari da yoyon hanci da jan ido, kafin ƙuraje su feso daga fuska bayan kwana uku ko huɗu. Korona, wadda aka fara tabbatar da ita a Najeriya ranar 27 ga Fabrairun 2020, ba ta ɓace ba duk da an janye dokar ta-ɓaci ta duniya a kanta a watan Mayun 2023, kuma gwaji ne kaɗai ke raba ta da fulu. A ƙasar da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, duk zazzaɓi na buƙatar gwajin jini na gaggawa, ko da ana tari, domin cututtukan biyu na iya haɗuwa a jiki ɗaya.

Maganin kowanne

Maganin alaji na farko shi ne nisantar sanadi. A shanya katifa da matashi a rana, a wanke zannuwan gado akai-akai, a yayyafa ruwa kafin shara, a goge kaya da jiƙaƙƙen tsumma, a rufe tagogi a ranakun hazo, a sa takunkumi idan za a hau babur. Wanke hanci da ruwan gishiri na taimakawa, da sharaɗin a tafasa ruwan ya huce. Magungunan da ke daƙile histamin, irin su cetirizine da loratadine, kan rage atishawa da ƙaiƙayi cikin sa'o'i. Tsohon maganin nan chlorpheniramine, wanda aka fi sani da Piriton, yana sa barci, don haka haɗari ne ga direba da ɗan acaɓa da mai aiki da inji. Ga wanda alajinsa ya daɗe, likita kan rubuta maganin feshin hanci mai sinadarin steroid, wanda ke ɗaukar kwanaki kafin amfaninsa ya cika. Gwajin fata, inda ake ɗiga abubuwan da ake zargi a dantse a duba bayan kamar minti 15, na iya tantance sanadi, sai dai an fi samunsa a manyan asibitoci.

Akwai abubuwa uku da ake yawan saye a kemis waɗanda ke jawo illa. Maganin ɗigawa na buɗe hanci, idan aka wuce kwana uku zuwa biyar ana amfani da shi, yakan mayar da toshewar ta fi ta da. Ƙwayoyin dexamethasone da prednisolone suna kwantar da alamomi nan take, amma shan su na dogon lokaci ba tare da likita ba na kawo hawan jini da hawan sukari da raunin garkuwar jiki. Maganin ɗigawa a ido mai steroid kuwa na iya tayar da hawan jinin ido, wanda ke kai wa ga makanta.

Murar bairas hutu take so, da yawan shan ruwa, da farasitamol idan akwai zazzaɓi ko ciwon kai. Zuma na sassauta tari, amma ba a ba jaririn da bai kai shekara ɗaya ba. Ba a ba yara asfirin. Maganin tari mai kodin kuwa gwamnatin tarayya ta haramta haɗa shi da shigo da shi tun watan Mayun 2018, bayan binciken BBC ya fallasa yadda matasa ke shansa a matsayin kayan maye.

Farashin zato

Duk antibayotik ɗin da aka sha ba bisa buƙata ba horo ne ga bakteriyar da ke jiki, har ta koyi bijire wa maganin. Binciken da mujallar The Lancet ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa wannan bijirewa ta kashe mutum miliyan 1.27 kai tsaye a 2019, kuma yammacin Afirka ne yankin da ya fi ko'ina yawan mace-macen idan aka auna da adadin jama'a. Kason Najeriya a ƙiyasin ya kai mutum 64,500. Amoxicillin da ake sha don atishawar hunturu shi ne dai maganin farko da ake dogara da shi wajen ceton yaro mai nimoniya.

A doka, yawancin antibayotik sai da takardar likita, kuma Hukumar Kula da Harkar Haɗa Magunguna ta Ƙasa, PCN, ce ke ba masu kemis lasisi tare da iyakance abin da za su sayar. A aikace, kemis ne asibitin farko ga miliyoyin mutane, domin ya fi kusa, babu layi, babu kuɗin kati. Fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga aljihun marasa lafiya yake fitowa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin 100 na kuɗin shigar tarayya ga asusun kula da lafiya a matakin farko, ita kuwa dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora ga kowa. Ma'aunin nasarar waɗannan dokoki a unguwa mai sauƙi ne: ko asibitin mazaɓa yana da ma'aikaci a bakin aiki, da ma'aunin zafin jiki, da kayan gwajin zazzaɓin cizon sauro, da na'urar auna iskar oksijin a jini, da maganin shaƙa na asma. Inda babu waɗannan, ma'aikacin lafiya ma zato zai yi.

Lokacin da ba a jinkiri

A garzaya asibiti nan take idan numfashi ya yi wuya har mutum ya kasa kammala jimla, ko leɓe da harshe sun sauya launi, ko ƙirji na suka, ko akwai jini a kaki. Haka idan wuya ya sanƙare tare da zazzaɓi da ciwon kai, domin lokacin rani ne kakar sanƙarau. Ga yaro, alamomin haɗari su ne ƙin nono ko ruwa, da amayar da duk abin da ya sha, da jijjiga, da barcin da ke wuyar tashi, da duk wani zazzaɓi ga jaririn da bai kai wata uku ba. Alaji ma yana da nasa nau'in mai kisa: idan bayan shan magani ko cin wani abinci ko harbin zuma leɓe da harshe suka kumbura, jiki ya yi rudu-rudu, numfashi ya sarƙe, allurar adrenalin ake buƙata cikin mintoci.

Mai ciki da tsoho da mai sikila da mai ciwon sukari ko na zuciya kada su jira kwana goman da lafiyayye zai iya jira. Ga sauran jama'a, kafin a miƙa kuɗi a kemis, a amsa tambayoyi huɗu: akwai zazzaɓi, akwai ƙaiƙayi, yau kwana nawa, kuma wa ya kamu a gidan. Idan marar lafiyar yaro ne, a ƙara da ƙirga numfashinsa na minti ɗaya.